Tsakuwa a Cikin Ƙarfe

Asabar, da hantsi

Yau a asibiti sun bar mu mun ga ƙanina Auta, ta bayan gilashi. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba shi ba ne. Nas ta nuna mata sunan da ke maƙale a jikin gadon. Inna ta ce, "Ni ba suna na haifa ba, 'yar nan. Yaro na haifa." Babu abin da za a nuna mata sai yatsun hannunsa na hagu, su kaɗai bandeji ya bari a waje. Da su ta gane shi. Akwai farcen da ƙofa ta tsaga masa tun yana firamare, bai taɓa fitowa daidai ba.

Matarsa, wadda har yau muke ce wa Amarya, ba ta iya tsayawa ba. Ta zauna a ƙasa a barandar, ta sa kai tsakanin gwiwoyi.

Na taho da Inna gidanmu don mun fi kusa da asibiti. Baban yara ya tare mu a ƙasan bene, ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa hannu zai karɓi jakarta. Ta riƙe abarta. Hawa uku ta hau da ita tana haki, shi yana biye da hannu wofi.

Lahadi, da yamma

Ba canji.

Litinin, lokacin hutun rana

Na koma aiki a masana'antar ƙarfe. Sun zagaye layin zuba ƙarfe na biyu da igiya. Ƙarfen da ya zuba yana nan a daskare a ƙasa, ba a fara yanka shi ba. Na bi ta bayan ma'ajiya don kada in wuce ta wajen.

Zan rubuta shi sau ɗaya, ba zan sake ba. Ranar Alhamis ana zuba ƙarfen boris, bututun da narkakken ƙarfe ke bi ya toshe. Suna ƙoƙarin buɗe shi, ƙarfen ya ɓalle ta inda ba a zata ba. Ƙanina ne ya fi kusa. Tukunyar da ake zubawa kuwa daga hannun mijina ta fito, shi ya gyara ƙarfen cikinta, shi ya ce a ɗauka. An ce ya zauna a gida sai kwamiti ya gama.

Oga, shugabanmu a ɗakin gwaji, ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya ce, "Samfurin wannan tukunyar waje za a kai shi. Ke kada ki taɓa. Ba don ban yarda da idonki ba."

Na ce na gane.

Ya ce, "Da ni ne ke, hutu zan ɗauka."

Na ce a gida me zan yi?

Da na je wanke injin yanka na tarar da wani guntun samfurin ya faɗa bayan tire, bai fi kan yatsa ba, da lambar tukunyar a jikinsa. Ban taɓa ba. Na mayar da tiren yadda yake.

Talata, bayan magariba

Ina tsince shinkafa a kicin Inna ta shigo ta jawo kujera. Tun da ta zo ba ta tambaye ni komai ba sai yau.

"Ke da kike duba musu ƙarfen, wai me ya toshe abin?"

Na ce, "Tsakuwa, Inna." Haka muke kiranta a wajen aiki, ba mu da sunan da ya fi wannan.

"Wa ya zuba?"

Na ce ba zuba ta ake yi ba, a cikin ƙarfen ake haifarta. Ƙarfe in ya narke yakan sha iska, irin wadda ke sa shi tsatsa. In aka bar ta a ciki ya daskare, ba zai yi ƙarko ba. Sai a jefa masa alminiyam, shi kuma ya bi iskar ya kama ta. To in suka haɗu ba ɓacewa suke ba, dutse suke zama, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani, amma sun fi ƙarfen tauri. Na ce mata boris da ke cikin tayar mota juyawa yake dare da rana, guda ɗaya in ta maƙale a ƙarƙashin fatarsa, daga nan tsagewa ke farawa. Ana cewa tsakuwa ɗaya ba ta daɓe, amma a wajenmu ɗaya ta isa ta kayar da mota.

Ta ce, "To ku tsince mana, kamar yadda kike yi yanzu."

Na ce ba hannun da ke shiga. Sai dai a hura wata iska mai sanyin hali ta ƙasan tukunya, ƙarfen ya riƙa motsi a hankali, tsakuwar ta haɗu da 'yan'uwanta ta taso sama, kashin ƙarfe da ke yawo a kai ya haɗiye ta. Lokaci take so. In aka ɗauke tukunya ba ta gama tasowa ba, sai ta bi ƙarfen, ta riƙa manne wa bututu har ta shaƙe shi.

Inna ta ce, "Wa ke motsawar?"

Na ci gaba da tsince shinkafa. Ta miƙe ta fita.

Akwai rabin da ban faɗa mata ba. Ko an motsa tukunya yadda ya kamata, in ana zubawa aka bar kafa iskar waje ta shiga, sabuwar tsakuwa ake haifa nan take. Mai ɗaura dogon bututun da ke hana iska shiga kuwa, a wannan ranar, Auta ne.

Laraba, da safe

Baban yara ya gyara famfon banɗaki. Jiya fanka ya kwance, shekaranjiya ƙofar kabad. Famfon ba abin da ya same shi.

Alhamis, da rana

Ɗakin cin abincin ma'aikata ya rabu biyu, mutanen tukunya a teburin taga, mutanen layi a na bakin ƙofa. Da na shiga duka biyun suka yi tsit. Mai sayar da shayi ta miƙo mini kofi ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Gaba kura, baya siyaki." Na sha a tsaye.

Ba canji. Likita ya ce huhun ne ya fi damunsu, ba ƙunar ba.

Asabar, da la'asar

Inna tana karɓar abinci in ni na miƙa. In Baban yara ne ya sayo 'ya'yan itace sai su kwana a kan tebur. Ɗazu na ji tana waya da ƙanwarta tana cewa, "Yaro yana gyaran babur ɗinsa lafiya lau, aka ja shi bakin wuta." Baban yara yana falo, ya ji. Shi ya nema wa Auta aikin. Auta kuwa shekara guda ya yi yana naci, kullum in ya zo sai ya ce, "Ka sace mana Yaya ko tukuici ba ka ba ni ba, to ka biya ni da aiki." Shi kuma ya ce, "Kai da ko ruwan shayi ba ka iya dafawa, ƙarfe za ka dafa?" Haka suke, ko a gaban baƙi. Har sai na ce ku tashi mini daga falo.

Falon nan shiru kamar an yi shara.

Litinin, bayan an tashi aiki

Na taɓa.

Talata, da sassafe

Na jira kowa ya tafi. Na dasa guntun a roba, na goge shi a kan faifai, daga takarda mai kaushi zuwa mai laushi, sannan ƙyalle, har ya fara nuna mini fuskata. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin, ban taɓa ɓata samfuri ba sai jiya. Sau biyu na karce shi na sake daga farko.

Ƙarfe mai tsabta a ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu fari ne fat, sai ka yi ta yawo kafin ka ci karo da ɗigo ɗaya. Wannan ban yi yawo ba.

Tsakuwa tana faɗin inda aka haife ta. Wadda iskar waje ta haifa a wajen zubawa ƙanana ce, a warwatse kamar an watsa toka, ba ta samu lokacin taruwa ba. Ina addu'a, kuma wallahi ban san me nake roƙo ba. In ga toka ko kada in gani.

Manya ne. Curi-curi, sun haɗu sun yi rassa kamar citta. Na kai guntun babbar na'ura, wadda ke faɗin abin da ke cikin kowane ɗigo. Suna ɗauke da sinadarin bulon da aka gina cikin tukunya da shi. A tukunya aka haife su, a tukunya suka girma, suna hanyar tasowa aka ɗauke ta.

Na kashe na'urar. Na sa guntun a aljihun rigar aiki. Na zauna har mai gadi ya ƙwanƙwasa taga.

Da na iso gida Baban yara ya dafa wa yara abinci ya yi musu wanka. Ya ce, "Sannu da aiki, Mai ido." Haka yake kirana tun muna saurayi da budurwa. Na ce yawwa, na wuce ɗaki.

Laraba

Ba canji. A gida ban iya kallon Baban yara ba.

Alhamis, da yamma

Zazzaɓi ya shiga. Sun ce ƙunar ƙafar dama ta kama ruwa, gobe za su sake shiga da shi tiyata. Amarya ta sa hannu a takarda, biron ya faɗi, na ɗauko mata.

Da muka fito na hango Baban yara a wajen ajiye motoci, tsaye a jikin katanga, hularsa a hannu. Ashe kullum yana zuwa. In mun hau sama ya tsaya a nan, in ya ga mun sauko ya riga mu gida. Mai gadin asibiti ne ya gaya mini, ya ce, "Mijinki ne? Na ba shi kujera ya ƙi."

Juma'a, da azahar

Sun fito da shi. Da ransa.

Lahadi, da hantsi

Inna ta tafi asibiti da Amarya, yara suna gidan maƙwabta. Ina shanya a baranda Baban yara ya zo ya ɗauki bokiti yana miƙo mini kaya ɗaya bayan ɗaya. Bai kalle ni ba ya ce, "Kin duba ko?"

Na ce an hana ni.

Ya ce, "Ba abin da na tambaya ba ke nan."

Na ce na duba.

Ya ce, "Laifin nawa ne." Ba tambaya yake ba.

Na ce, "Me ya sa? Kai da kake korar mutane daga kan tukunya, kake cewa sauri ya haifi nawa? Kai?"

Ya ajiye bokitin. Ya ce ranar iskar motsawa ba ta da ƙarfi tun safe, ya so ya ƙara wa tukunyar lokaci. Sai wayar layi ta yi ƙara. Auta ne. Ya ce ƙarfen da ke gabansu ya kusa ƙarewa, in layi ya mutu a hannunsu sun shiga uku, an riga an yi musu kashedi. Ya ce, "Mijin Yaya, ka taimake ni, turo ta haka nan." Ya ce masa ba ta yi ba. Auta ya sake kira. A kira na biyu babu wasa a muryarsa.

"Ban taɓa jin yaron nan yana roƙona ba tare da tsokana ba. Sai na ce a ɗauka."

Na ce, "Ka gaya wa kwamiti?"

Ya ce, "Mutumin da bututu ke bakinsa zan kai ƙara?"

Ban san daga ina fushin ya taso ba. Na ce kai ne babba. Na ce kana iya ce masa a'a ya yi fushi na kwana biyu, ya zo ya cinye mana abinci ya huce. Na ce abubuwa da yawa, ba zan rubuta su ba. Ya tsaya yana ji, rigar ƙaramarmu a hannunsa tana ɗiga a kan ƙafarsa.

Da na gama ya ce, "Haka ne." Sannan ya ce, "Kada Inna ta ji. Ta bar shi a kaina, ni ina da ƙafar ɗauka."

Litinin

Ina jin haushinsa. Ina jin haushin Auta, yana kwance ba ya iya ko tari da kansa. Ina jin haushin wanda ya yi musu kashedin, ban ma san ko wane ne ba. Allah ya yafe mini.

Laraba, da rana

Kwamiti ya kira Baban yara. Ya sa farar rigarsa, ya goge takalmi. Bai daɗe ba ya dawo. Na tambaye shi, ya ce sun tambaya ko shi ya ba da izinin ɗaukar tukunya, ya ce shi ne. Sun tambaya ko lokacin motsawa ya cika, ya ce bai cika ba. Sun tambaya dalili, ya ce kuskurensa ne.

Na ce, "Iskar fa? Ka ce ba ta da ƙarfi."

Ya ce ya faɗa, ɗaya daga cikinsu ya rubuta wani abu.

Alhamis

Ba canji. A'a, akwai. Nas ta ce ya matse mata yatsa.

Litinin, bayan an tashi aiki

Sakamako ya dawo daga waje. Oga ya ajiye mini hotunan a kan tebur. Su ne, masu rassan nan, kamar daga aljihuna aka ɗauke su.

Ya ce, "Ba ki yi mamaki ba."

Na ci gaba da kallon hotunan.

Ya kalli injin yanka, ya kalle ni. Ya ce, "Ni ban ga komai ba. Allah ya ba ki haƙuri." Ya tattara hotunan.

Talata, da yamma

Sun sallami Baban yara daga aiki.

Ya je ya kwaso kayansa, takalmin aiki da kofi da baƙin gilashin da yake kallon wuta da shi. Mutanen tukunya sun rako shi har bakin ƙofa. Daga layi mutum ɗaya ne ya fito, Dogo, wanda ke tsaye kusa da wayar a ranar. Ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, sannan ya koma.

Maganar iskar ba ta fito a takardar ba. An dai ce mini an canza bawul ɗin da ke sakin iskar a makon jiya.

Inna ta ji. Ta ce, "Alhaki kuikuyo ne." Na buɗe baki, ya girgiza mini kai daga ƙofar kicin.

Alhamis, da hantsi

Sun cire wa Auta bututun numfashi. Sun bar ni na shiga, da riga da safar hannu. Muryarsa kamar ana jan buhu a kan siminti. Ya nemi ruwa, aka jiƙa masa leɓe. Ya tambayi Amarya, na ce tana waje. Ya tambayi Inna. Sannan ya mayar da idonsa rufin ɗaki.

"Yaya, mijinki fa?"

Na ce yana gida.

"Yau ba aiki?"

Ban iya yi wa Auta ƙarya ba tun yana goye a bayana. Na ce sun sallame shi.

Ya ce, "Ya gaya musu na kira?"

Na ce a'a.

Ya yi ƙoƙarin juya fuska bango, wuyan bai bar shi ba. Sai ya rufe ido, ruwa ya gangara ya shige bandeji. Na goge wanda na iya kaiwa.

Asabar

An mayar da shi babban ɗakin marasa lafiya. Ya ci cokali huɗu. Ya ce abincin asibiti ko mijin Yaya ba zai dafa mai muni haka ba. Amarya ta yi dariya har ta koma kuka.

Talata, da la'asar

Ya ce mu fita, yana son magana da Inna. Muka tsaya a baranda ni da Amarya. Ta gilashin ƙofa ina ganin bayan Inna kawai. Ba ta motsa ba. Da ta fito ta ce mu tafi gida. A mota tana ta ninke bakin gyalenta tana warwarewa.

Ban tambaye ta ba. Shi ma ban tambaye shi ba.

A gida ba ta yi wa Baban yara magana ba, amma ba ta shige ɗaki ba kamar kullum. Ta zauna a falo, shi a wancan gefen yana ɗinke takalmin makarantar babbar. Haka har aka kira magariba.

Juma'a, da safe

Auta ya ce in nemo masa lambar sakataren kwamiti. Na ce an rufe magana. Ya ce, "Su suka rufe, ni yanzu na buɗe baki." Baban yara ya aika masa cewa ya bari sai ya warke. Auta ya mayar da amsa: wanda ba shi da aiki ba ya ba ma'aikaci oda.

Ban sani ba ko maganarsa za ta canza wani abu. Oga ya ce da wuya.

Likita ya ce hannun dama ba zai koma yadda yake ba. Ƙafa kuwa sai a hankali.

Laraba, da yamma

Mun dawo da shi. Nan gidan, don zuwa wankin ciwo ya yi sauƙi.

Babu wanda ya tuna da benen sai da motar ta tsaya. Auta ya ɗaga kai ya kalli tagarmu can sama ya ce, "To, ku bar ni a nan in zama mai gadi."

Baban yara ya sauko da kujerar roba. Shi da direba suka ɗora shi a kai a hankali, ƙafar a miƙe a kan matashi. Direba ya kama ta sama. Shi ya kama ta ƙasa, inda nauyin yake, fuskarsa dab da gwiwar Auta. Tun ranar ba su haɗu ba. Ba wanda ya kalli wani.

A hawa na farko direba ya nemi a huta. Baban yara bai ajiye ba, ya tokare kujerar da ƙirji, don in ta sauka ƙafar za ta taɓa bango. Gumi yana zuba daga haɓarsa a kan bandeji. Auta ya ɗaga hannun hagu ya ɗora masa a kai. Na zaci zai yi tsokana. Bai yi ba, ya bar hannun a nan.

Ni da Amarya muna gaba da kaya. Inna ce a ƙarshe, tana riƙe da takalman Auta, tana hawa da ƙyar. Daga hawa na biyu na fara jin muryarta, ƙasa-ƙasa, a kan kowace matakala.

"Sannu, ɗana. Sannu. Sannu, ɗana."

Na leƙo ta saman ƙarfen bene. Daga inda take ba ta ganin Auta. Bayan mijina kawai take gani.